Ashana Uku A Zauren Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na durƙusa a zauren surukina, a gaban dattawan unguwa, ina ƙyasta ashana kamar mai shirin dafa shayi. Bari in faro maka daga tushe, don ka san ba haka kawai na haukace ba, sai da na bi matakai.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sakatariya a Dutse, shekarun da aka fara shari'a, kowa ya ɗage wando ya saki gemu. Aikina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, amma a zuciyata ni hamshaƙin ɗan kasuwa ne wanda jari kawai ya rasa. Ina jin rediyo, ina karanta jaridar jiya in maigidanmu ya gama da ita, saboda haka a majalisarmu ta gindin dalbejiya ni ne masanin tattalin arziki. (Sauran 'yan majalisar direbobi biyu ne da mai gadi, kada ka ɗauka wata gasa aka yi.)

Wata rana wani mutum ya shigo ofis da kwat da jakar hannu, ya ce shi wakilin wani ƙaramin kamfani ne mai neman man fetur a tudu. Ya ce manyan kamfanoni duk sun tattara sun koma bakin teku, sun bar arziki kwance a ƙarƙashin ƙafarmu. Ya baje taswira a kan teburina, ya ɗora yatsa can gabas wajen tafkin Chadi, ya ce nan aka ba su izinin haƙa. Wanda ya sayi hannun jari yanzu, tun kamfanin yana rarrafe, shi zai yi dariya ranar da rijiya ta yi tsartuwa. Kada in ɗauki alhakinsa, ya faɗa da bakinsa cewa ana iya haƙawa a tarar babu komai. Amma da sauri ya faɗi wannan, yana naɗe taswira, ni kuwa a lokacin na riga na fara zaɓen launin motar da zan saya.

Kamfanin neman mai, ya ce. Kunnena "mai" kawai ya kama, "nema" ta bi ta saman hulata ta wuce.

Na sayar da babur ɗina na sayi hannun jari. Aka ba ni takarda mai ado a gefe-gefe, aka ƙara mini da wata 'yar roba mai baƙin ruwa mai kauri, wai samfurin ɗanyen mai ne daga wata tsohuwar rijiyar gwaji da ke maƙwabtaka da tasu. Robar tana yoyo, don haka na juye shi a kwalbar maganin tari, irin mai ruwan ƙasan nan, na ɗora a saman kwaba a ɗakinmu. Matata Rabi tana da ƙaramin ciki a lokacin, na fari, ba mu gaya wa kowa ba sai iyayenta. Da ta shigo ɗakin sai ta toshe hanci da gefen mayafi.

"Maigida, wannan abin naka tayar min da zuciya yake yi."

"Ki daure ki saba," na ce mata, "ƙanshin arziki ne."

Daga nan na koma zuwa aiki a ƙasa, in rana ta yi zafi in hau acaɓa. 'Yan ofis suka raɗa mini suna Mai Rijiya. Su tsokana suke yi, ni kuwa ina amsawa da ɗaga hannu kamar ɗan takara.

Da a nan na tsaya, da babur kawai na yi asara, ni da ƙafafuna mu ƙarata. Amma mutum in ya gano hanyar arziki, sai tausayin dangi ya kama shi.

Mahaifin Rabi malami ne mai makarantar allo a wani ƙauye kusa da Kafin Hausa. Kowa Malam yake ce masa. Shi da ƙaninsa Kawu Idi suna da shanun huɗa guda biyu, su ke ja musu garma kowace damina, kuma abin da gonar ta bayar shi babban gidan nan yake ci har shekara ta zagayo. Malam bai taɓa gaya mini maganar raini ba, amma na san kallon da ake yi mini a gidan: ɗan boko mai guga a riga, wanda in ya zo gaisuwa sai an haɗa masa gero da kuka ya tafi da su. Abin yana ci mini rai. Ina so ko sau ɗaya a ce ni ne na kawo wa gidan alheri.

Sai na fara ta kan Kawu Idi, don shi kunnensa ya fi laushi. Na ce masa a sayar da shanun a zuba a kamfani, baɗi war haka tarakta za a yi magana, ba garma ba. Idonsa ya yi haske. Ya ce shi ya yarda, har ya yi wa wani dillali magana, amma sai abin da Yaya Malam ya ce. Ga shi hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa yana gyaran gona. In shanun suka tafi kasuwa a makon nan, bana babu huɗa ke nan. Ni duk na san wannan, amma na ɗauke shi ƙaramar sadaukarwa, tunda ba ni zan riƙe fartanya ba.

Ranar Asabar da zan je wurin Malam, da safe na makara, motar ƙauyen tana shirin tashi. Na miƙa hannu saman kwaba, na ɗauko kwalba, na naɗe ta a hankici na jefa a aljihu. Rabi tana madafi, daga bakin ƙofa na yi mata sallama.

Bayan la'asar aka taru a zaure. Malam yana kan buzunsa, Kawu Idi a gefensa, ga ladanin masallaci, ga dattawan da suka ji labari cewa surukin Malam ya zo da man fetur daga Dutse. Na durƙusa na kwashi gaisuwa, sannan na buɗe baki. Na yi bayanin taswira, na yi bayanin teku da tudu, na kawo sunayen ƙasashen Larabawa waɗanda a da su ma raƙuma kawai suke da su. Malam yana jan carbi bai katse ni ba sai da na numfasa.

"Ɗana, wannan abu ba caca ba ce?"

"Allah gafarta Malam, tarayya ce. Kowa ya kawo nasa, in an ci riba a raba, in an faɗi a raba." (Kashi na biyun da sauri na faɗe shi, kamar yadda na koya.)

"To, sun samu man?"

"Suna gab da samu, Allah gafarta Malam."

"Garma ba ta san gab ba," in ji shi, ya ci gaba da jan carbinsa.

Na ga magana tana neman kuɓuce mini, sai na sa hannu a aljihu. Na roƙi a kawo mini murfin kwano. Na warware hankici a hankali, yadda kowa zai gani, na buɗe kwalba na tsiyaya.

Abin ya zubo salala kamar ruwa. Gabana ya ɗan faɗi, don na san na baro shi da kauri, ga shi kuma warin nan duk babu. Mai hankali a nan zai dakata. Ni kuwa bakina ya riga hankalina isa wurin.

"Kun gani ko? Ya kwanta ya tace kansa. Wannan shi ne mai daraja, marar kauri. Turawa ma mai zaƙi suke ce masa, shi suke rububi."

Wannan a jarida na karanta, kuma har yau ban san abin da suke nufi da zaƙin ba. Kawu Idi dai bai tsaya tambaya ba. Ya tsoma ɗan yatsa, ya kai baki, ya tsotsa, ya zaro ido.

"Wallahi Yaya, da zaƙinsa! Kamar an sa zuma!"

Zaure ya ɗauki salati. Wani dattijo ya matso yana leƙe. Ni kaina na yi mamaki, amma na gyaɗa kai irin na wanda ya saba da waɗannan abubuwa. Nasara ta hau mini ka, na ce a kawo ashana, yanzu za su ga ikon Allah.

"Jama'a a ɗan ja da baya, kada ta kama riga."

Dattawa suka tattare manyan rigunansu suka manne da bango. Ladan har ya kai ƙafa ɗaya waje. Na ƙyasta ashana, na kawar da fuska, na jefa a murfin.

Cus. Ta mutu.

Na ce iska ce. Na ƙyasta ta biyu, na kare ta da tafin hannu, na saukar da ita a hankali har ta taɓa ruwan. Cus. Ta uku kuwa riƙe ta na yi a saman murfin, ina addu'a a zuci, har wutar ta cinye tsinken ta lashi yatsana na yar da ita ciki. Gumi ya jiƙa mini hula. Dattawan da suka manne da bango suka fara dawowa mazauninsu ɗaya bayan ɗaya.

"Miƙo min kwalbar nan," in ji Malam.

Na miƙa da hannu biyu. Ya juya ta, ya dubi wuyanta, inda wani farin zare yake ɗaure wanda ni ban ko lura da shi ba. Ya kai ta hanci. Sannan ya dube ni.

"Wannan zaren ni na ɗaura shi. Rubutu ne. Ranar Laraba na wanke shi daga allo, na sa zuma don kada ya yi mata ɗaci, na aika wa iyalinka."

Na so ƙasa ta tsage in shige, ko da babu mai a ƙarƙashinta. Ka duba fa: a shekarun da ake ta wa'azi a kowace kusurwa, ni ne na durƙusa a gaban malami da ladan ina cinna wa ayoyin Allah wuta, ba sau ɗaya ba, har sau uku. Sannan babu dattijon da bai san irin rubutun da uba ke aika wa 'yarsa da ba ta daɗe da aure ba. Cikin da muke ta ɓoyo saboda kunya, ni da hannuna na tsiyaye shi a murfin kwano a gaban surukina.

Ladan ya ce, "Inna lillahi," ya dafe kai. Kawu Idi kuwa ya dubi yatsansa a tsorace.

"To Yaya, ni da na lasa fa?"

Malam bai ko ɗaga kai ba. "Allah ya sauke ka lafiya."

Ban taɓa ganin tsofaffi sun yi dariya irin ta ranar ba. Wani har da tari, wani yana share hawaye da bakin rawani. Ni ina durƙushe, ina kallon tsinkayen ashana uku suna yawo a murfi. Na yunƙura zan fita da shi waje in zubar, ko na samu hanyar guduwa, sai Malam ya ɗaga hannu.

"Ba a zubar da shi a ƙasa, ɗana. Kai ka tsiyaya, kai za ka shanye."

Na tsame tsinkayen, na yi bisimilla, na shanye tas. Kawu Idi bai yi ƙarya ba, da zaƙinsa.

Da zan tafi Malam ya rako ni har bakin zaure, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji, ya ce, "Shanu suna nan inda suke. In mutanenka sun samu man, ka zo ka gaya mana mu taya ka murna." Wannan rakiyar ta fi dariyar yi mini ciwo, don babu faɗa a cikinta, tausayi ne zalla.

A gida Rabi ta warware mini sauran. Warin ya hana ta barci, shi ya sa ta fitar da kwalbata ta ajiye bayan akurkin kaji. Da saƙon mahaifinta ya iso a kwalba irin tawa sak, ta nemi wuri mai tsarki, sama da ƙasa, ba ta ga wanda ya fi saman kwaba ba. Da na ba ta labarin Kawu Idi, sai da ta riƙe ciki tana roƙona in yi shiru. Na je bayan akurki na tarar da kwalbata, da kaurinta da warinta. Ban gwada ta da ashana ba. Zuciyata ba za ta iya ɗaukar amsa ta biyu ba.

Kamfanin kuwa sun haƙa, ba su yi ƙarya ba. Suka aiko da takarda cewa ruwan gishiri suka tarar, amma alamu suna da kyau. Suka sake aiko da wata suna neman ƙarin jari don rijiya ta biyu. Daga nan ban sake jin ɗuriyarsu ba.

Daminar ta yi kyau. Shanun suka yi huɗa, aka yi girbi, Malam ya sa mana buhun gero a mota kamar yadda ya saba. Daga tasha a ka na ɗauko shi har gida, tunda babu babur. Ina tafe ina nishi ina tunanin cewa da a ce kwalbar gaske na ɗauka ranar, da ta kama da wuta, da dattawa sun yi kabbara, da an kora shanun kasuwa, da gidan nan kaf sun shekara da yunwa suna jiran tafkin Chadi. Tun ranar aurena nake son in yi wa gidan surukina wani alheri, ashe wanda Allah ya rubuta mini ke nan: in ji kunya a kan lokaci.

Tun daga ranar, in na samu wata dabarar arziki, nakan fara gwada ta a ɗaki ni kaɗai, ƙofa a rufe. In ta mutu, ta mutu a kan babur ɗina, ba a kan shanun mutane ba.