Malam Mai Aron Yara

Wani ne, irin mutanen nan da in suka buɗe baki sai ka rantse su suka ƙirƙiro boko, in kuwa aka miƙa musu alli sai gumi ya karyo musu. Ya yi aiki a kantin magani, aka sallame shi. Ya yi a gidan mai, aka sallame shi. Ya yi tsaron shagon ɗinki, telan ya ce gara ya riƙa barin shagon a buɗe. Amma kullum rigarsa a goge take, ga biro uku jere a aljihu, ko ɗaya ba ya rubutu.

Da yayansa ya gaji da ciyar da shi, sai ya ja shi gaban wata Hajiya da ta buɗe sabuwar makarantar kuɗi, aji uku kacal. Ya yi ta roƙo har ta ji kunya.

Hajiya ta dubi mutumin tun daga sama har ƙasa. Ta ce, "'Yan aji biyu ba su da malamin lissafi. Ka iya lissafin sau?"

"Lissafin sau, Hajiya? Ai ni ko barci nake yi, sau nake yi."

"To madalla. Ƙarshen wata zan shigo ajin da kaina. In na tambayi yaro ya ba ni amsa, ka samu wurin zama. In ya tsaya yana kallona, ƙofar da ka shigo tana nan a buɗe."

A bakin get yayan ya kama masa hannun riga. "Ka ji dai. Wallahi in aka kore ka a nan, ko a hanya ka gan ni kada ka ce min yaya."

"Haba Yaya, yaran da ko majinarsu ba su iya sharewa ba?"

To, gaskiyar magana ita ce, iliminsa na sau ya tsaya cak a biyar sau biyar. Daga nan gaba duhu ne. Ya gwada hadda a gida, kansa ya ce shi bai san zancen ba. Waya kuwa Hajiya ta hana malamai shiga da ita aji. Abin da ya sanyaya masa rai, akwai babbar takarda manne a bangon ajin, an jera lissafin sau ɗin kaf a kai. Sai ya riƙa tsayawa a karkace, ido ɗaya kan yara, ɗaya kan bango.

Ba a yi nisa ba wata 'yar ƙiris a bencin gaba, wadda suke kira Uwar Magana, ta miƙe.

"Lah! Malam ma leƙe yake yi!"

Aji ya ɗauki ihu. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Mutumin ya finciko takardar daga bango, ya yi mata kaca-kaca.

"Ni? Leƙe? Dubawa nake in ga wanda ya cuce ku da wannan shirmen! Hadda aikin aku ce. Ni koyarwar zamani nake yi. Gani ya kori ji!"

Sai da ya watsa takardar a kwandon shara ya tuna ita kaɗai ce gatansa.

Washegari ya zo da tsakuwa cike da leda, wai a riƙa jerawa ana ƙirgawa. Kafin a kai biyu sau uku wani ya fasa wa wani goshi. Mutumin ya koma amfani da wake. Wani ya cusa ɗaya a hanci, sai da aka kira uwarsa. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malam, daga yau duk abin da za a iya jifa da shi, ko a haɗiye, ko a tura a hanci, kada in sake ganinsa a ajin nan."

Mutumin ya zauna ya yi tagumi yana kallon yaran. Can sai ya zabura. Abin nema ya samu! Ai ga abin ƙirga nan a gabansa har talatin, kuma ba wanda zai iya haɗiye ɗan'uwansa.

"Ku tashi! Uku sau huɗu. Layi uku, kowane layi mutum huɗu. Ke Uwar Magana, tunda bakin naki ba ya gajiya, ƙirga min kawuna."

Ta bi tana taɓa kawuna. "Sha biyu, Malam."

"Kun gani? Wannan shi ake kira ilimi."

Abu ya yi daɗi. Ya fara tafiya yana buɗa kafaɗa. A ofishin malamai har yana cewa nan gaba manyan masana za su zo ɗaukar darasi a wurinsa. Sai aka iso shida sau shida, yara suka ƙare.

Ya ƙwanƙwasa ƙofar aji ɗaya. "Malama, don Allah ara min yara shida. Yanzu zan dawo miki da su."

"Aron yara kuma? Tsintsiya ce?"

"Harkar zamani ce, ba za ki gane ba."

Ta ba shi, don ta rabu da shi. Ya jera layi shida, ya koma gefe yana gyara biro. Bai lura ba, ɗaya daga cikin 'yan aron ya sulale ya tafi fitsari.

Uwar Magana ta ƙirga. "Talatin da biyar, Malam."

"Na sani. Gwada ki nake yi." Ya rubuta a allo da manyan baƙi: shida sau shida, talatin da biyar. "Ku maimaita!"

Suka maimaita har tagogi na amsawa.

Washegari aka zo bita. A ranar kuwa wani ɗan aro ya zo da ƙanensa da ya maƙale masa, ya ƙi sakin rigarsa.

"Talatin da bakwai, Malam."

"Na sani."

"Amma Malam, jiya talatin da biyar ne."

"Ke, jiya jiya ce! Tumatirin da uwarki ta saya jiya, haka ta same shi yau? Komai na duniyar nan tashi yake yi, lissafi ne kaɗai zai zauna wuri ɗaya? Rubuta!"

Daga nan abin ya zama sana'a. Da safe ya ari na aji ɗaya, da hantsi ya ari na aji uku. Aka ture bencina jikin bango, da ɗakin ya kasa aka koma filin wasa. Ran da yara suka gaza, sai ya dubi wani lukuti da ake kira Tulu, ya ce, "Kai daga yau biyu ne." Tulu ya ji daɗi, har ya fara neman a riƙa ba shi alli biyu.

Malamar aji ɗaya ta same shi a fili, ta riƙe ƙugu.

"Malam, yara tara na ba ka tun safe. Ka dawo min da takwas, kuma ɗaya a ciki ba nawa ba ne."

"Ai yaro yaro ne, Malama. Ki riƙe wannan ɗin, in na ga naki ma yi musanya."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, mu duka."

Wata rana hedimasta yana zagaye ya ji murya na tashi daga aji biyu. Ya leƙa. Ga mutumin tsaye gaban allo yana ta zuba bayani, yana nuni da sanda. Bencina wayam, ko ƙuda babu.

"Malam! Ina yaran?"

"Suna waje, ranka ya daɗe."

"Uban me suke yi a waje?"

"Sifili muke yi yau. Takwas sau sifili. Ƙirga da kanka ka gani, in ka samu ko mutum ɗaya ka kore ni."

Hedimasta ya kaɗa kai. Ya juya ya tafi yana salati. A ransa ya ce, bari dai mai makarantar ta zo ta gani da idonta, kada a ce hassada ce.

Rana ba ta ƙarya. Ƙarshen wata ya zo. Mutumin ya goge rigarsa har tana ƙyalli, ya ƙara biro na huɗu. Hajiya ta shigo, mace ce mai jiki, ƙamshin turarenta ya riga ta isowa. Hedimasta na biye da kujera. Ta zauna, ta gyara mayafi, ta nuna wani yaro.

"Kai, biyu sau uku?"

Sai yara shida suka zabura, suka ruga gaban allo suka yi layi biyu. Uwar Magana ta bi kawuna. "Shida, Hajiya!"

Hajiya ta dubi hedimasta. Hedimasta ya dubi silin.

"Koyarwar zamani ce, Hajiya," in ji mutumin, yana murmushi.

"To. Ke ta bayan can. Shida sau shida?"

"Na ran Litinin ko na ran Talata?"

"Me kika ce?"

"Na Litinin talatin da biyar. Na Talata ya tashi."

Mutumin ya gyaɗa kai, irin na uban da 'yarsa ta fitar da shi kunya.

Hajiya ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Kai mai yagaggen aljihu. Bakwai sau bakwai?"

"Ba a yinsa in 'yan aji ɗaya suna cin abinci."

"Kai kuma fa, lukuti? Biyar sau ɗaya?"

Tulu ya miƙe da ƙyar. "Da ni a ciki, ko ba ni?"

Hedimasta ya toshe baki da hankici, kafaɗunsa na rawa. Jijiyar wuyan Hajiya ta tashi. Ta buga hannun kujera.

"Tambaya ɗaya ta rage. Duk ajin nake tambaya. Tara sau tara!"

Ai ko rufe baki ba ta yi ba, ajin ya fashe. Yara suka yi waje kamar an buɗe wa awaki ƙofa. Wani ya ruga ya kaɗa ƙararrawa. Wasu suka faɗa aji ɗaya suka kwaso su da cokula a baki. Wasu suka faɗa aji uku ana tsakiyar gwaji. Malamar aji ɗaya ta biyo nata tana ihu, aka cafke ta aka saka a layi. Mutumin na tsakiyar fili yana ba da umarni kamar mai fareti.

"Layi tara! Kai, matsa! Ke, saki kunnensa! Ba su cika ba, a nemo!"

Aka jawo mai gadi da sandarsa. Aka jawo mai shara da goyonta, aka ce ita biyu ce. Direban Hajiya yana barci a mota, aka tashe shi, ya shiga layi bai san hawa ba bai san sauka ba. Wani bawan Allah da ya zo gyaran famfo, shi ma aka tsayar da shi da sifana a hannu. Hedimasta ya fito zai tsawatar, sai ya ji an ce, "Yauwa, ranka ya daɗe, nan bayan Tulu."

Hajiya ta fito bakin baranda tana huci. Mutumin ya rugo ya rusuna.

"Hajiya, ki taimaka. Gurbi ɗaya ya rage a layin ƙarshe."

Kafin ta samu bakin magana, yara sun kama mata hannu biyu sun kai ta. Ta tsaya a rana tsakanin mai gyaran famfo da wani ɗan aji ɗaya mai kuka.

Uwar Magana ta fara ƙirga. Ta bi layi layi, tana ɗage ƙafa don ta taɓo kan manya. Da ta iso kan Hajiya sai ta tsaya. Ta duba ta ta gaba, ta zagaya ta duba ta ta baya.

"Malam, Hajiya nawa za a sa ta? Tulu ma biyu ne."

Mutumin ya ƙare wa Hajiya kallo irin na masana.

"Sa ta uku. A yi adalci."

"Tamanin da huɗu, Malam!"

"Na sani."

Hajiya ta fizge hannunta, ta tako har gabansa.

"Kai! Ka mayar min da makaranta kasuwar dabbobi. Ka tsayar da ni a rana, ka ce ni uku ce. Ka lalata wa 'ya'yan mutane kai. Tattara bironka ka fita! Amma kafin ka fita, don darajar yayanka, tambaya ɗaya zan yi maka, kai da kanka, ba yaro ba. In ka amsa, na yafe. Sha biyu sau sha biyu nawa ne?"

Mutumin ya juya ya dubi layukan. Ya leƙa azuzuwa, babu kowa. Ya leƙa bakin get, babu mai wucewa. Sai ya girgiza kai cike da takaici.

"Haba Hajiya, ki ji tsoron Allah. Da 'yan yaran nan naki? Ki cika makarantarki tukuna, sannan ki tambayi mutum."