Man Shanun Inna na Takanamat

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar sunan gidan maƙwabciyata Rabi, ko da zan so in manta.

Abin ya faro ne da awon jinin ɗana Sani, yana ɗan firamare. Lokotoro, wato likita, ya ce kitsen jininsa, kolestarol, ya ɗan hau. Ya ƙara da cewa yara masu shekarunsa sukan yi haka, yakan sauka in sun fara balaga, a rage masa soye-soye kawai a sake awo gaba. Ni dai "ya hau" kaɗai kunnena ya ɗauka (haka nake, mijina ya gaji da faɗa).

Na kafa doka a gida, ba mai, ba cuku. To ga Inna, uwar mijina, kowace kasuwa sai ta aiko wa jikokinta man shanu daga Takanamat, wanda ta kaɗa da hannunta. Wace suruka ce za ta ce wa Inna ta daina? Sai na riƙa miƙa wa Rabi ta katanga. In Inna ta kira waya kuwa in ce, "Inna, har kwanon suka lashe."

Ranar sunan, Inna ta zo wurinmu a Tawa, muka shiga barka tare. Tsakar gida cike da mata. Rabi, Allah ya shirye ta, ta bar baƙinta ta durƙusa gaban Inna.

"Inna, ashe ke ce mai man shanun nan. Tun bara muke ci, duk wanda kinka aiko nan yake ƙarewa. Allah shi saka."

Ina ta ƙifta wa Rabi ido, ita kuwa sai ƙara godiya take, har da cewa maigidanta ya yi ƙiba. Haushi da kunya suka rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata. Inna ba ta ko dube ni ba. Ta ce, "Madalla, ɗiyata. Gara da ya samu masu so."

Da aka sake awon Sani, lafiya lau. Man shanu kuwa har yau yana zuwa, amma gidan Rabi ake sauke shi kai tsaye. In miyata na so, ni ke zuwa katanga da ɗan kwano in roƙa.

Na dai koyi sauraron lokotoro har ya kai aya. Inna ce har yanzu ban san yadda zan shawo kanta ba.