Begilar Baba Kofur da Aka Ara na Kwana Ɗaya

Jama'a, yau ko sandar walda ɗaya ban ƙona ba. Tun da sassafe na ɗauki jarkata na nufi gidan mai, don janaretona ba ya tashi da salati. Na tarar da layi ya miƙe har bakin kasuwar kifi. Muna tsaye rana ta fara cin ƙeya, sai mai zuba man ya rataye tiyonsa, ya ce kowa ya yi haƙuri, wanda ya rage na motocin manya ne, yau ranar tunawa da tsofaffin sojoji ce.

Na ce, "Tsofaffin sojojin nawa suka rage a garin nan?"

Ya ce, "Ɗaya."

"Motocin fa?"

"Ashirin da uku."

Na ce, "Allah ya ƙara wa Baba Kofur girma. Mutumin da ko jaki ba shi da shi, yau ya shanye man gari kaf."

Na juyo da jarka wayam, na tarar an datse hanyar shagona da igiya. Duk wanda ya biyo, a kora shi fili ya je ya yi tafi. Haka na tsinci kaina cikin masu kishin tarihi, da jarka a hammata. Manya suna cikin rumfa fanka tana kaɗa musu babbar riga. Baba Kofur Niyandu, wanda don shi aka taru, an ajiye shi a kujerar roba can inda inuwa ta ƙare, lambobin ƙirjinsa suna gasuwa. Sai da muka yi awa uku sannan Mai Girma Sarkin Almakashi ya iso, Allah ya ja zamaninsa, mutumin da ko masai aka gina sai ya zo ya yanka ƙyalle. Ya taka har gindin ginshiƙin tunawa, ya ajiye furannin roba, ya ɗaga kai ya dubi abin da ke walƙiya a can ƙololuwa, ya ƙame ya sara masa.

Nan dariya ta ƙwace min har jarkar ta faɗi. Bari ku ji dalili.

Mutum goma sha ɗaya ne 'yan garinmu suka dawo da rai daga yaƙin Indoshin, can ƙasashen Asiya. Turawa suka kwashe su suna samari, aka zuba su a jirgin ruwa, suka je suka yi ta harbe-harbe cikin fadamun shinkafa da mutanen da ko akuyarsu ba su taɓa kora ba. Suka dawo da lambobi, da tari, da begila ɗaya, wato ƙahon tagulla da ake tashin soja da shi a kuma kwantar da shi. Baba Kofur ne mai busa ta. Sai suka yi wa kansu wata al'ada. In ɗayansu ya rasu, a sallace shi a rufe shi kamar kowane Musulmi. In an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, Baba Kofur ya koma gindin tsamiyar da ke wajen maƙabarta ya busa masa busan kwanciya, alamar ya sauke aiki. Alfa, limaminmu, ya yi faɗa a kan haka shekara da shekaru. Daga baya ya daina. Sai dai kullum a daidai lokacin takalminsa yake tsinkewa, ya tsuguna gyara har a gama.

Sau tara Baba Kofur ya busa. Suka rage su biyu, shi da taubashinsa Saje Tinni.

Bara sai kishin mazan jiya ya motsa wa manyanmu. Aka kafa kwamiti, aka ci kaji, aka gina ginshiƙin siminti mai tsawon mutum uku a tsakiyar fili. Ana jibi za a buɗe, aka lura kansa fayau yake kamar turmin da aka kife. Sai Ranka-ya-daɗe Mai Jaka, wanda yake bin Sarkin Almakashi a baya da jakar takardu, ya je har gida ya durƙusa wa Baba Kofur, ya ce a ara musu begila na kwana ɗaya tak, don hoto. Tsoho ya ɗauko ta cikin tsumman da yake naɗe ta, ya ce kada mai hannun maiƙo ya taɓa bakinta.

Daga nan aka aiko a kira ni.

Mai Jaka ya ce, "Hasumi, ɗaure mana wannan a sama."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce na kwana ɗaya ne."

"Kai dai ɗaure yadda ɓarawo ba zai iya cirewa ba. Sauran ba aikinka ba ne."

Ni kuwa ba na ha'inci a sana'a. Na yi mata ƙawanyar ƙarfe biyu, ɗaya a wuya ɗaya a gindi, na narka su da rodin ginshiƙin. Ba zan ɗora wa kowa ba, hannuna ne ya yi.

Washegarin biki Baba Kofur ya sa kakinsa ya tafi ofis karɓar kayansa. Aka ce sai gobe. Ya koma gobe, aka ce mai mabuɗi ya tafi suna. A zuwa na biyar Mai Jaka ya fito da kansa yana murmushi, ya ce ai begila yanzu ta zama dukiyar tarihi.

Baba Kofur ya ce, "Tarihin wa?"

"Naku, Baba."

"To ga ni, ban mutu ba. Ba ni abata."

Aka ce ya rubuto takardar roƙo, da hotonsa biyu, da shaidar cewa begilar tasa ce. Ya ce wanda ya miƙa masa ita yana kwance a ƙarƙashin wata fadama a Indoshin, su aika a tambayo shi. Mai Jaka ya dafa kafaɗarsa ya ce kada ya damu, zamani ya ci gaba, duk ranar da aka yi rashi za su turo motar lasifika ta saki busan daga kaset. In an samu mai.

Tun daga ranar tsohon nan ya mai da shagona wurin zama. Da hantsi zai zo ya zauna a kan tsohuwar taya, ya harɗe hannu a kan sanda, yana kallona ina walda. Ba zagi, ba gori. Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi. Sau ɗaya kawai ya yi magana. Ya ce, "Hasumi, na je na duba aikinka daga ƙasa. Madalla. Ko igwa ba ta cire shi." Ranar ban iya cin tuwo ba.

Da damina ta sauka, Saje Tinni ya kwanta. Matata Gambi ta haɗa kopto, wato kwaɗon zogale, a kwano ta ce in kai, tun da ni na iya jawo wa gidanmu abin kunya, in iya kai gaisuwa. Na same shi a tabarma ya zama kamar karan dawa, Baba Kofur yana zaune a gefensa yana kore masa ƙuda da hula.

Baba Kofur yana cewa, "Kai tsohon banza, har yanzu kana nan? Ka bar mala'iku tsaye a ƙofa kamar masu jiran mai."

Saje ya ce, "Su jira. Ina begila?"

"Tana sama tana shan iska."

"To ni ma ina nan. Mutum tara ka busa wa, har da Hamani da ya yar da bindiga ya faɗa rijiya, sannan ni Saje guda a rufe ni shiru kamar ɓarawon awaki? Ba inda za ni."

Suka yi dariya har ta koma tari. Sai Saje ya juyo da ido kaina. Ya ce, "Wannan ne mai waldar?"

"Shi ne."

"Ɗan Sumana? Allah sarki. Ubanka mutumin kirki ne."

 Da na fito, 'yarsa ta tare ni a zaure, ta ce kwana uku ke nan ko kunu bai wuce masa ba, ciwon yana cinsa ba ya faɗa, idonsa kullum a ƙofa, abu ɗaya yake tambaya.

Na koma shago na zauna a kan tayar Baba Kofur. A bayan shagona akwai gawar wata babbar mota da ta shekara ashirin tana kai albasa bakin teku. Na ciro hon ɗinta, mai dogon wuya da faffaɗan baki. Na lanƙwasa guntun bututu na manna masa a ciki, na shafe shi da fenti ruwan gwal. Jar igiyar da ke lilo a jikin begila kuwa, labulen ɗakin Gambi ya bayar da ita, kuma har yau ana shari'ar.

Wani zai ce sai ka lallaɓa a ɓoye. Ba ku san garinmu ba. Mai lallaɓawa shi ake kamawa. Ranar Alhamis da rana tsaka na sa wata rigar ma'aikatan hanya mai ruwan lemo da aka taɓa mantawa a shagona, na soke fensir a kunne, na riƙe tsohon fayil da ba komai a ciki, na loda tsani da janareto a amalanke na ratsa kasuwa ina cewa a ba da hanya.

Mai gadin fili ya taso. "Lafiya, Hasumi?"

"Daga sama aka ce a goge."

"Wane saman?"

"Kana so in koma in ce ka tambaya?"

Shi ya riƙe min tsani. Ina can sama ina yanka ƙarfen da na narka da hannuna, sai ga motar Mai Jaka.  Ya rage gudu, ya sauke gilashi, ya ɗaga min babban yatsa. "Haka ake so! A goge sosai, manya suna tafe!" Ya ja motarsa. Na sauko da begila a cikin buhu, na bar hon ɗin albasa yana ƙyalli fiye da yadda ta taɓa yi. Mai gadi ya ja da baya ya duba, ya ce wallahi kamar sabuwa.

Na kai wa mai ita begilarsa, ashe zanzaro ya yi gida a cikinta. Baba Kofur ya zauna ya sakace shi da tsinke, ya wanke ta da toka da lemun tsami, ko na gode bai ce min ba. Muka kai wa Saje. Ya ɗora ta a ƙirji ya yi ta shafawa, can ya miƙa ya ce, "Gwada in ji. Kada ka ba ni kunya ranar."

Baba Kofur ya kai bakinsa, haƙora uku suka rage masa, ya cika kumatu ya busa. Abin da ya fito, wata saniya a maƙwabta ta amsa.

Saje ya ce, "Da wannan za ka raka ni? Je ka yi atisaye, Kofur. Umarni ne."

Kwana tara ya ƙara a duniya, har yana shan kunu, don ya samu ƙarfin kushe busan taubashinsa. A rana ta tara ya saurara ido rufe, ya ce, "To. Dama-dama." Washegari da hantsi ya cika.

Aka rufe shi, aka shafa fatiha. Baba Kofur ya dogara sandarsa zuwa gindin tsamiya, ya jingine ta, ya miƙe tsaye yadda ban taɓa ganin ya miƙe ba. Sau biyu busan ya karye a tsakiya, ya ja numfashi ya ɗora. Ba wanda ya yi dariya. Takalmin Alfa ranar ya daɗe bai gyaru ba, kuma na ga da gefen rawani yake gyaran, a wajen ido. Motar lasifika ba ta zo ba. Ta'aziyyar manya ta iso bayan sati biyu, an rubuta sunan wani.

A hanyar komawa bakina da ba ya jin magana ya ce, "Baba, to kai fa, wa zai busa maka?"

Ya tsaya ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Kai mana. Ka ɗauka kwancewar kaɗai ta wanke ka?"

To kun ji abin da ya ba ni dariya yau. Sarkin Almakashi ya gama sarawa, ya karɓi lasifika, ya nuna sama da yatsa, muryarsa har tana rawa. Ya ce, "Ku dubi wannan ƙaho! Ya yi tafiya mai nisa! Ya tashi dubbai daga barci! Ya sa idanun maza hawaye!" Na ce a raina, wallahi Mai Girma bai taɓa yin gaskiya irin ta yau ba, duk wanda ya taɓa sauke lodin albasa zai shaida. Na saci kallon Baba Kofur, na ga ya tusa fuska cikin hula wai tari yake.

Aka ɗauki hoto da shi, aka miƙa masa katan ɗin taliya, aka karɓe aka sake miƙawa don mai hoton bai shirya ba. Motoci ashirin da uku suka tashi suka bar masa ƙura. Ni na ɗauko masa katan ɗin a ka, jarka a hannu. Da muka iso ƙofar gidansa ya ce, "Bayan la'asar. Kada ka makara."

Kullum haka muke, a bayan shago kusa da gawar motar. Ina busawa, jakunan unguwa suna amsawa, Gambi tana rantsuwar za ta koma gidansu. Shi kuwa yana zaune a kan tayarsa yana girgiza kai, yana cewa bai taɓa ganin daƙiƙi irina ba, kuma ba zai yarda ya mutu ba sai na iya, ko shekara biyar za a kai.

Ba na fargabar wannan rubutu ya faɗa hannun manya, don ba hotonsu a shafin, ba za su duba ba. Baba Kofur nake tsoro, kada mai karambani ya karanta masa. Ku riƙe min sirri: tun watan jiya na iya busan nan tsaf. In na ga ya fara gyaɗa kai kamar zai gamsu, sai in saki kukan saniya.