Ranar da Turmina Ya Sa Ni Guɗa a Jarrabawar Nuha

Ko zan manta da komai na zaman Alƙahira, ba zan taɓa mantawa da jarrabawar Nuha ba.

Nuha 'yar maƙwabciyata ce a unguwar Ainu Shams, Bamisiriya, bango ɗaya ya raba ɗakinta da kicin ɗina. Ni kuwa fura nake yi wa ɗaliban ƙasarmu na unguwar Darrasa, kullum da hantsi turmina yana aiki. Na sha ba ta haƙuri kan ƙarar, sai ta yi dariya ta ce in ci gaba, wai tana jin daɗinsa. (Na ɗauka kara take yi mini.)

Kiɗa take karanta, amma ba irin na biki ba. Taron makaɗa ne da goge manya da ƙanana, da sarewa da ganguna, wani mai 'yar sanda yana tsaye yana yi musu nuni. Nata ma sabon salo ne, ba amshi, ba inda za ka kama ka taka rawa. A shekararta ta ƙarshe aka ce za a kaɗa abin da ta tsara a gaban malamanta, a wani zaure a Wustul Balad, tsakiyar birni, daga nan su yanke ko ta ci ko ta maimaita shekara. Ta gayyace ni, ta roƙe ni abu ɗaya: kada in tafa sai mai sandan ya sauke hannuwansa. Na ce haba, sai ka ce 'yar ƙauye.

Na ci ado, na zauna kusa da mahaifiyarta. Da aka fara, na zaci gyaran kaya suke yi. Can sai kunnena ya buɗe. Wannan ƙugin gogen ai birkin jirgin ƙasa na metro ne. Wannan ƙwanƙwasar kuma mai sayar da gas ne yana buga tukunya a layinmu. Ashe yarinyar nan unguwarmu ta kwaso ɗungurungum ta zuba a hannun makaɗa, abin da nake kira hayaniya kullum ya zama abin saurare.

Sai babbar ganga ta shigo. Dum, dum, dum, sannan ɗan ƙwas a gefe, daidai yadda nake buga taɓarya a bakin turmi in kakkaɓe gari. Dakana ne. Tsigar jikina ta tashi, daɗi ya cika ni har hawaye.

Kwatsam komai ya tsaya cik.

Tsakani da Allah ban tafa ba, na cika alkawari. Guɗa ce ta kuɓuce mini, doguwa, irin ta kai amarya, har da riƙe hanci. Sai da na dire ta na buɗe ido, na ga hannuwan mai sandan suna sama yadda ya bar su. Shirun ma cikin kiɗan yake. Malamai suka waiwayo, Nuha ta rufe fuska, mahaifiyarta ta mintsine ni a cinya. Aka ƙarasa sauran ina kallon takalmina, ina ta lissafin na jawo wa 'yar mutane maimaita shekara.

A waje na laɓe bayan ginshiƙi, amma ta gano ni. Ta rungume ni tana dariya har da shessheƙa.

"Khalas, Abla, na ci," in ji ta, wato shi ke nan, Yaya. "Wani tsohon malami ma ya yi mini faɗa, wai me ya sa ban sa sunan mai muryar cikin makaɗa ba."

Tun daga ranar na koyi kallon hannun mai sanda kafin in buɗe baki. In kuma maƙwabciya ta ce dakanki ba ya damunta, tambaye ta me take yi da shi.