Sadauki Jatau da Akushin Gwaggo Laure

Jatau ne ya ɗauki akushin Gwaggo Laure. Kada a wahalar da kowa da rantsuwa, kada a ɗora wa ɓera, kada a ɗora wa aljani. Jatau ne, Jatau ɗan Barau mai awo, jikan Tanko wanda ya kori kura da taɓarya a cikin mafarki, tattaɓa-kunnen Sambo Dogo da ya ɗaura ɗamarar yaƙi ya isa fage ya tarar an tashi tun jiya. Jatau Sarkin Facin Tudun Kuka, bango majinginar tsofaffin tayoyi, gwarzon famfo da gam, hadarin gabas mai tsawa ba ruwa, wanda in ya yi gyaran murya kajin unguwa su ɗaga kai su dube shi su ci gaba da kiwo. Shi ne. Kuma ɗan ƙanenta ne, a bayanta ya yi fitsari.

Akushin nan ba kwanon kasuwa ba ne. Baƙi ne wuluk, sassaƙar mutanen da, mai nauyi a hannu. Da shi aka kai Gwaggo Laure ɗakinta, a cikinsa marigayi Malam Ilu ya ci tuwo shekara arba'in da ɗaya, har gefen da yake ɗora hannu ya yi santsi. Sau ɗaya ya taɓa tsagewa, maƙeri ya kama shi da jar waya, ɗinki uku. Tun da Malam ya rasu ta naɗe shi a tsohon zanen saƙi ta tura ƙarƙashin gado, ba ya fitowa sai ranar cika-ciki. Ranar za ta tuƙa tuwo, ta yi miya da wutsiyar ragon layya da ta adana tun Babbar Sallah, ta zuba a ciki ta aika zaure sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Malam. Shekara tara ba fashi.

Ana nan sai ga masu shirin Birnin Tama, wasan nan na mutanen da wanda ake nunawa a talabijin duk Juma'a bayan Magariba, sun kafa sansani a gindin tsohuwar ganuwar da ke bayan gari. Mai kula da kayansu ya yi shela cewa duk wanda ya kawo tsohon abu na gaske za a sa shi a cikin wasan. Labari ya iske Sadauki yana tsugune yana tofa wa wani tsohon tub yawu don neman huji. Nan take jinin Sambo Dogo ya motsa. Ya ajiye tub, ya bar mai babur a tsaye, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce, "Yau za a san ɗan Barau."

Ya yi dako kwana biyu kamar mai jiran ayari, har ranar da Gwaggo ta tafi barka. Sa'an nan ya yi bisimilla ya kutsa ɗakinta, ya kwanta rub da ciki, ya afka ƙarƙashin gado, inda duhu ya yi sarauta tun zamanin Malam. Ya ratsa rundunar kwalla, ya keta sahun tasoshi, ya ture ganuwar faifai, bai ja da baya ba. Can a ƙurya ya yi arba da mai tsaron baitulmali, wata jar kaza da ke kwanci a kan ƙwai goma sha ɗaya. Aka gwabza. Ta sare shi a goshi, ta sare shi a hanci, barde ya rufe ido ya miƙa hannu cikin tawakkali ya jawo ganima. Da yake yaƙi ɗan zamba ne, ya ɗauki wata ƙwarya ya naɗe a zanen saƙin ya mayar inda ya samu. Ya cusa akushi a cikin riga ya fito yana tafiya kamar mai cikin wata bakwai, wanda ya gaishe shi ya ce kumburin ciki ne.

A gindin ganuwa aka tuɓe shi aka ɗaura masa warki, aka shafe shi da toka, ya tsaya a rana tun hantsi har La'asar. Aka ba shi shinkafa da wake a leda. Abin da ya faru bayan nan bai faɗa wa kowa ba. Ya dai komo da riga ba ciki, ya yi wata uku yana shela a bakin titi: "Kashi na goma sha tara. Wanda bai gani ba ya yi asara."

To, duk Tudun Kuka babu mai son Sarki Kututturu, sarkin da ke cikin wasan, kamar Gwaggo Laure. In ya fita yaƙi ta bi shi da addu'a. In wani bafade ya kai masa gulma ta nuna talabijin da yatsa ta ce, "Ƙarya yake yi, ranka ya daɗe, kada ka saurare shi." Da ta ji ɗan ƙanenta zai tsaya gaban wannan sarki, sai ta soya gyaɗa tiya guda ta kai gidan Hajiya Tabawa, inda unguwa ke kallo saboda tana da sola.

Ranar ba masaka tsinke. Mata a tabarmi, maza a benci, Ɗan'asabe mai shayi ya rufe teburinsa ya zo. Sadauki ya sha farar shadda, aka ba shi kujerar gaba, ya harɗe yana karɓar gaisuwa da kai. Aka fara. Aka yi fada, aka yi farauta, aka yi tallar sabulu, aka yi tallar maganin sauro, ba Jatau. Gumi ya fara tsattsafo wa farar shadda.

Sai ga manzo ya faɗi gaban sarki ya ce Yarima, ƙanen sarki, ya koma wajen abokan gaba. Ganguna suka ɗauka. Sarki Kututturu ya miƙe, idonsa kamar garwashi. Daidai nan wasu hannaye biyu suka shigo daga gefen talabijin, ɗauke da baƙin akushi cike da tuwo, da ɗan guntun kunnen mai hannayen a sama.

Jatau ya zabura ya ce, "Ga ni. Ga ni nan."

Kafin a ce ina, sarki ya fizge akushin, ya ɗaga shi sama, ya maka shi da ginshiƙin dutse. Ya dare gida huɗu. Masu shirin kuwa, don kada wani ya ce bai gani ba, suka maimaita sau uku, na ukun a hankali, tuwo na tashi sama kamar auduga.

Gida ya ɗauki sowa. Hajiya Tabawa ta dafe ƙirji ta ce tun da take kallo ba ta taɓa ganin fushi mai kyau irin wannan ba. Wata ta ce ai ya yi haƙuri ma, in ita ce har da mai kawo tuwon za ta haɗa. Ɗan'asabe ya ce, "To ina Jatau ɗin?"

"Hannun wa ka gani?"

"Na ga hannu. Kowa ma yana da hannu."

"Dubi nan, tabon gam ne. Shi ne a babban yatsan."

"Kuma bawan sarkin shekara ɗari huɗu da shatin agogo a wuyan hannu? Wane kanti ya saya?"

Aka kwashe da dariya. Aka rabu gida biyu, masu cewa kunnen na Jatau ne da masu cewa kunnen ya fi nasa tsafta. Sadauki ya tsaya tsakiyar fage yana juya kai dama da hagu don a gwada.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. A maimaici na uku, sa'ad da ɓari ɗaya ya juyo yana fuskantar jama'a, Gwaggo Laure ta ga jar waya. Ta ƙirga da idonta, ɗaya, biyu, uku. Ta miƙe ba sallama, ta bar gyaɗarta, ta je ta durƙusa gaban gado da gwiwoyin da ba sa son durƙuso, ta jawo zanen saƙi. Tun daga nauyin ta sani. Ta kwance duk da haka. Ƙwarya.

Da gari ya waye ta iske shi a rumfar faci, jama'a sun kewaye shi yana ba da labarin yadda sarki ya dube shi ido cikin ido.

Ta ce, "Kai ɗan Barau. Ina akushin Malam?"

Ya ce, "Gwaggo, ina kwana."

"Ban zo kwana ba. Ina akushin?"

"Ai Gwaggo, akushin nan ya shiga tarihi. Duniya ta gan shi. Har ƙasashen waje."

"Ƙasashen wajen ne za su zuba mini tuwo?"

Sadauki ya duƙa yana neman wani abu a cikin ruwan faci wanda bai jefa ba.

Abin da ya fi ƙona mata rai kuwa, gari duk maganar ake yi, amma ba ta akushin ba. A wajen niƙa mata na gardama ko Yarima zai tuba. A masallaci wani dattijo ya ce zubar da tuwo almubazzaranci ne ko da sarki ne ya yi. Samari sun yanko wurin a waya sun sa masa kiɗa, duk wanda aka ɓata wa rai sai ya tura wa abokinsa. Wani ya buga wa gidan rediyo waya ya ce a jinjina wa masu shirin, don a da kwanon roba suke shafa wa baƙin fenti, amma wannan da ganin yadda ya dare ka san na gaske ne. Na gaske ne mana. Jikarta ma ta kawo mata waya har ɗaki tana cewa, "Gwaggo, kin ga sarkinki?" Ta gani. Sarkin da ta yi wata biyar tana roƙa wa nasara.

Da wuta ta yi wuta, Sarkin Faci ya sake ɗaura ɗamara. Ya rantse a gaban shaidu ba zai komo ba sai da akushi, ko da ɓari-ɓari ne, a kai wa maƙeri. Ya hau kekensa mai birki ɗaya, ya yi kirari, ya ce, "Ku matsa, na Barau zai wuce," alhali ba kowa a hanyar sai tunkiya. Ya keta kwata, ya haura tudu, ya yi gumurzu da yashi har sarƙa ta zame sau biyu, ya isa gindin ganuwa da azahar. Ya tarar an tashi. Sai wani tsoho mai gadin ragowar bukkoki yana kaɗa ƙuda.

Jatau ya ce ya zo karɓar gawar akushi.

Tsoho ya yi tunani ya ce, "Baƙin icen nan? Allah ya yi wa mai shi albarka. Kwana uku ina dafa shayi da shi. Ba hayaƙi ko kaɗan."

Amma ba a san gidan Barau da komowa hannu rabbana ba. Sadauki ya bi sawun masu shirin har cikin birni, ya yi zaman dirshan a ƙofar ofishinsu, har mai kula da kaya ya gaji ya fito ya sallame shi. Da La'asar sakaliya ya shigo Tudun Kuka yana buga ƙararrawar keke, ya durƙusa gaban Gwaggo ya ajiye ganimar yaƙi: robar abinci koriya mai murfi, da hular rana mai hoton Sarki Kututturu.

Ya ce, "Gwaggo, wannan ba ta fashewa."

Robar tana nan a tsakar gida, kaji na shan ruwa a ciki. Hular kuwa shi ya sa abarsa.

To, jama'ar Tudun Kuka, masu tafi da masu sowa, ku da kuka ci gyaɗarta. Wata ya kama, cika-ciki saura kwana tara. Wutsiyar rago na rataye a ɗaki tun Babbar Sallah, dawa tana turmi. Gwaggo Laure ba ta son roba, ba ta son hula, ba ta son a ce mata haƙuri, ta yi shekara saba'in tana yi. Jatau ya ce shi miƙawa kawai ya yi. Mai kula da kaya ya ce shi karɓa kawai ya yi. Mai gadi ya ce shi tsinta ya yi. Saura wanda ya ɗaga hannu ya maka, kowa ya gan shi, har sau uku. An ce wai ba sarkin gaske ba ne, wani ne mai shagon labule a birni. Ya yi kyau, to ba shi da fadawan da za su tare ƙofa. A nemo shi, da rawani ko ba rawani, a haɗo shi da Jatau da kekensa, su zo zauren Malam Ilu su tsuguna, ɗayansu ya buɗe baki ya faɗa wa tsohuwar nan a cikin me za ta zuba tuwon mijinta.