Ranar da Na Zama Abu Kis

Ba zan taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, ko na so in manta ma 'yan Kasuwar Umdurman ba za su bar ni ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne duk wanda na ɗauko zan ɗora wa laifin sai ya zame, a bar ni ni kaɗai.

Ni dai ban yi makarantar kwamfuta ba. Da cajar waya na fara a kan tebur, na koma gyaran waya, har Allah ya ba ni shago ina haɗa kwamfutocin ofis ina sayarwa. Kuma ina da ƙa'ida guda wadda kowane ɗan kasuwa a nan ya sani: ba a cire wa sabon kaya leda. Mutumin Umdurman zai sayi mota ya shekara biyu yana zaune a kan leda yana gumi, don kada a ce tsohuwa ya sayo. Ka kuskura ka cire, mai saye zai dube ka ya ce, "Ya zol, kai bawan Allah, wannan ai an yi aiki da shi."

Sai ga Malam Haruna, maƙwabcina a unguwar Umbadda, ya zo shago da 'yarsa Nafisa. Digiri na biyu take yi, aikinta kuwa ta koya wa kwamfuta gane cutar ganyen auduga daga hoto. (Kakanninta a gonakin Jazira suka ƙare rayuwarsu suna tsinkar auduga, shi ya sa uban ba ya gajiya da maganar aikin.) Tana buƙatar babban katin hoto, wanda muke kira kart shasha, don shi ne zai yi lissafin tulin hotunan nan. Ranar Lahadi za ta tsaya gaban malamanta ta nuna sakamako. In babu, sai baɗi.

Ta ce, "Ammu (haka take kirana, wato Baffa), ka taɓa haɗa irinsa kuwa?"

Na ce, "Nafisa, tun kafin ki iya yafa mayafin tob nake wannan sana'ar." (Ban yi ƙarya ba. Tambayarta ce dai ban amsa ba.)

Na haye gada zuwa Khartoum, na ɗauko katin a wajen Ustaz Mu'awiya, wani dillali a kasuwar Suk Arabi. Jibgegen abu ne mai fanka uku, an lulluɓe fuskarsa da siririyar leda garai-garai. Gefe guda ledar ta ɗan ɗaye. Na ce ina, ba za a ce na kawo wa 'yar maƙwabcina tsohon kaya ba. Na ɗauko salatif ɗin da nake rufe kwali da shi, na bi gefe huɗun na manne tsaf, na soka katin a mazauninsa, na ɗaure murfin kwamfutar.

Daga nan aka shiga ta'arif, wato manhajar da ke gabatar da katin ga kwamfuta. Lokacin takunkumin da aka ƙaƙaba wa ƙasarmu ne. Ka sayi kayan kamfani da guminka, ka shiga shafinsu, su ce maka ƙasarka ba ta cikin waɗanda ake bai wa. Don Allah ni da ke sayar da kwamfuta kusa da masu sayar da barkono, me na yi wa wani? Sai da na kunna manhajar ɓad-da-sawu, kwamfutar ta rantse musu a Turai take, sannan suka sake. Ya kusa gama sauka aka ɗauke wuta. Na sake daga farko.

Shi ma lissafin, manhajojin da yake aiki da su daban ne, kuma kowanne da tsirfarsa. Wannan ya ce ta'arif ɗin ya yi masa sabo, wancan ya ce ya yi masa tsufa, manhajar Nafisa ta ce ita ba ta san su duka ba. Na sa, na goge, na sa, na goge. Sai ranar Laraba suka shirya da juna. Kwamfuta ta nuna sunan katin ɓaro-ɓaro, na dubi Nafisa na gyara zaman hulata.

Ta saki aikinta. Lambobi suka fara gudu. Ba a yi minti biyar ba allo ya yi baƙi ƙirin. Muka kunna, muka sake, ya sake mutuwa.

Ta ce, "Ammu, kamar ƙauri nake ji. Ko mu buɗe mu duba?"

Na ce, "Mai tuyar ta'amiyya, ƙosanmu na nan, ce ta ƙona mai a waje. Matsalar ta'arif ce, bar ni da ita."

Sau uku na ƙara gogewa ina sawa. Da na gaji, sai na yanke hukunci: jabu Mu'awiya ya sayar min.

Alhamis da hantsi na ɗora kwamfutar a amjad, 'yar motar haya, Malam Haruna da Nafisa na baya. Cunkoson gada ya ƙara tafasa ni. Ina shiga shagon Mu'awiya na dire ta a kan kanta, ko sallama ban gama ba. Shagon cike da masu saye, maƙwabtansa kuma suka leƙo.

Na ce, "Ya Ustaz, ka ji tsoron Allah! Shekara nawa muna tare, ka rasa wanda za ka yi wa jabu sai ni? Yarinya za ta rasa shekara guda saboda kwaɗayinka!"

Bai ɗaga murya ba. (Da ma ya ɗaga, da na samu abin kamawa.) Ya ce, "Sannu da zuwa, ya Hajj. A kawo wa Hajj shayi." Ya ɗauko sukudireba ya kwance murfin.

Ƙaurin ne ya fara fitowa. Sannan kowa ya ga abin. Ledar ta yamutse, ta lafe a kan fankokin nan uku kamar fatar ganga, ko iskar da za ta kaɗa gashi ba ta shiga. Ga salatif ɗina kewaye da ita, da sunan shagona a jiki, an buga shi da ja. Mu'awiya ya sa tabarau, ya karanta sunan a fili, a hankali, har da "Kasuwar Umdurman".

Ya ce, "Ya Hajj, katin nan numfashi yake kamar ni da kai. Ka toshe masa hanci, ka ce ya yi gudu a zafin garin nan. Da ba ya kashe kansa in ya ji wuta, da yanzu ta'aziyya muke."

Wani tsoho da ya zo sayen tawadar firinta ya yi dariya har da tari. Malam Haruna ya ɗaga kai yana nazarin silin. Ita Nafisa ba ta yi dariya ba, wannan ne ya fi min ciwo. Cewa kawai ta yi, "Ammu, ai na ce ƙauri nake ji." Shayin kuma ya iso, dole na sha a tsaye.

Mu'awiya ya ɗaye ledar, fankoki suka ɗauka, ya ba ta kujera a shagonsa. Aikin ya yi ta gudu har Asabar, Lahadi ta nuna wa malamanta, suka karɓa. Ni kuwa kafin in haye gada labarin ya riga ni. Ina sauka mai shagon kusa da ni ya ɗaga hannu: "Marhaban da Abu Kis!" Wato uban leda. Sunan ya bi ni har masallaci.

Yanzu a gaban mai saye nake ɗaye leda, in miƙa masa ya tafi da ita in shaida yake so. Kuma duk wanda ya ce min yana jin ƙauri, ko yaushe aka haife shi, sukudireba nake nema.

Amma na daɗe ina riƙe da kamfanin katin a rai. Ranar walimar kammala karatun Nafisa na ce mata, mutanen da suka iya hana mu ta'arif, sun kasa rubuta "a cire kafin a kunna" a jikin leda?

Ta ce, "Sun rubuta, Ammu. A kansa ka manna salatif."