Gwajin Hanya Kafin Naƙuda

Jama'a, idan jiya da hantsi kun ga wani mai tumbi yana tura tsohuwar mota a kan titi, gumi har cikin takalminsa, ga mace da tsohon ciki riƙe da sitiyari tana ba shi umarni ta taga, to ku daina tambaya. Ni ne. Ita kuma maiɗakina ce, wadda nake kira Gimbiya idan ina neman zaman lafiya.

Mun daɗe muna jiran wannan ciki. Shekaru muka yi muna zuwa barkar mutane muna dawowa gida shiru, saboda haka da Allah ya kawo, babu abin da ban yi ba. Na sayo baho da gidan sauro, na yi wa ɗaki fenti da hannuna har da rabin labule. Jakar asibiti kuwa tana bakin ƙofa, kullum sai na yi tuntuɓe da ita. Sai ga shi a asibitin sha-ka-tafi inda Gimbiya ke zuwa awo, malamar ta ce su ba sa karɓar haihuwa, kowace mace ta san inda za ta da motar da za ta kai ta.

"Malam," in ji Gimbiya, "ba a fafe gora ranar tafiya. Ka aro motar Tela mu gwada hanya."

Tela maƙwabcinmu ne, mutumin kirki. Motarsa kuwa duk unguwa Sai-Ta-Ga-Dama ake ce mata. Ya miƙo mini mabuɗi ya ce, "Lafiyarta ƙalau, yunwa kawai take ji."

Muka nufi gidan mai. Ni a sanina an daina layi, domin da kunnena na ji Mai Girma Sarkin Albishir a rediyo yana cewa jirgin mai yana kan hanya. Jirgin nan tun kafin Gimbiya ta fara laulayi yake kan hanya. Ga shi ita ta kusa sauka, shi bai iso ba. Ban ga laifinsa ba, teku ai ba ƙaramin wuri ba ne.

Layi ya zagaye gidan man ya miƙe har bayan kasuwa. Na taka na sami mai ba da man, na sassauta murya na ce masa ina ɗauke da mai tsohon ciki. Ko kallona bai yi ba.

"Alhaji, tun safe kowa matarsa naƙuda take. Ka ga mai babur ɗin can? Sau biyu tasa ta haihu a makon nan."

Ina cikin rantsuwa sai na ji wurin ya yi tsit. Ashe Gimbiya ce ta fito daga mota, hannu ɗaya a ƙugu, ciki yana gaba tana biye da shi. Wani dattijo direban babbar mota ya ce, "Ku ji tsoron Allah ku ba ta hanya." Aka dare mana. Sai dai abin da aka ɗiga mana bai fi a wanke hannu ba, wai sauran an ajiye wa wasu baƙaƙen motoci masu jiniya da ke shiga ta ƙofar baya. Na fahimta. Manya suna da wuraren zuwa, mu kuwa haihuwa ce kawai. Muna fita wani ya leƙo ta taga ya ce, don Allah ko zan ara masa Hajiya gobe da safe, zai dawo da ita kafin azahar.

Daga nan sai sabon asibitin haihuwa, wanda Mai Girma Sarkin Almakashi ya buɗe ana gab da zaɓe. Ina wurin ranar. Na yi tafi har tafin hannuna ya yi ja. Ginin yana nan da kyansa, fenti fari tas, ga hoton uwa da jariri suna murmushi a bango. Kwaɗon da ke ƙofar ma sabo ne.

Baba maigadi yana zaune a inuwa yana gyaran rediyonsa. Muka gaisa, na ce mun zo ganin ɗakin haihuwa.

"Ɗaki yana nan," ya ce. "Ka leƙa ta taga."

Na leƙa. Fili fetal, a yi ƙwallo ma a ciki.

"Baba, ina gadajen da muka gani ranar buɗewa?"

"Ai da yamma aka kwashe su. Washegari akwai wani asibitin da za a buɗe a gaba."

Ku ji hikima. Gadaje kaɗan, asibitoci da yawa. Wannan shi ne tattali, kuma duk mai cewa ana almubazzaranci da dukiyar jama'a ya zo ya ga yadda gado ɗaya ke yi wa ƙasa hidima.

Gimbiya ta tambayi likita, Baba ya ce an ce za a turo. Ta nuna motar ɗaukar marasa lafiya da ke gefe, an ɗora ta a kan bulo, babu taya ko ɗaya. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

"Yanzu Baba ba a taɓa haihuwa a nan ba?"

"An taɓa," in ji shi. "Kazata ta ƙyanƙyashe a cikin motar can. Lafiya lau, ita da 'ya'yan."

Gimbiya ta yi dariya har sai da ta dafa bango. Muka yi masa barka, muka juya sai tsohon asibitin da ke can ƙarshen gari, inda aka haifi rabin mutanen unguwarmu. Hanyar ita ma an gyara ta, a rediyo. Ko rabi ba mu yi ba Sai-Ta-Ga-Dama ta yi tari, ta yi atishawa, ta tsaya cak a tsakiyar titi. Mai ya ƙare. Gimbiya ta koma mazaunin direba da kyar, ciki yana gogar sitiyari, ni kuma na koma baya na zama inji.

Da muka samu muka kai ta gefen titi, na zagayo ina haki, ina shirin yin wani barkwanci. Sai na tarar ta daina dariya. Ta ɗora hannu a kan cikin tana kallon titi.

"Malam, da a ce yau ce ranar fa?"

Na tsaya kawai ina share gumi, har wani mai motar yashi ya tausaya ya ja mu da igiya zuwa gida.

Bayan la'asar na ba da labari a majalisarmu ta ƙofar shagon Tela. An yi dariyar kaza, an yi dariyar mai neman aron Hajiya. Da na zo kan tambayar Gimbiya, kowa ya sunkuyar da kai. Mai injin niƙa ne ya fara tashi, ya dawo da ɗan galan ɗin mai. Mai babur ya zuƙo nasa da tiyo har ya ƙware. Mai aski ya juye na janaretonsa, ya ce kwana biyu mutane su yi haƙuri da almakashi. Kafin magariba allurar motar Tela ta hau inda mai ita ya rantse bai taɓa ganin ta kai ba. Babu wanda ya yanka ƙyalle, babu wanda ya kira mai hoto.

Tela ya ce daga yau motar ba ta motsawa sai ranar. Sai dai shi bai yarda da kansa ba, balle ni. Aka yi shawara aka damƙa mabuɗin a hannun surukata, wadda ta zo zaman jiran haihuwa. Inna ta karɓa, ta ƙulle shi a bakin zane, ta ja tabarma ta zauna inda take hango motar.

Yau da safe Tela da ƙafa ya tafi sayo zare. Ni ma na je na durƙusa na ce, "Inna, a ɗan ba ni in ɗumama injin kada ya yi sanyi."

Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ranar ce za ta ɗumama shi. Tashi ka ɗebo ruwa."

Saboda haka idan manya na neman wanda za su ba ajiyar man ƙasar nan, ni ina da mutum. Sai dai masu jiniya su sani tun yanzu, gidan Inna ba shi da ƙofar baya.